Filin Manoma: Cajin Batir Na Biyu A Cikin Mota

Ƙasar Gwiwa tana can kan iyakar Jihar Jigawa da Jihar Katsina, cikin masarautar Kazaure, ita da Roni da 'Yankwashi. Ƙasa ce ta gero da dawa da gyaɗa da wake da riɗi. Wutar lantarki a wannan yanki, kamar a yawancin karkarar Arewa, baƙuwa ce. Garin da aka ja wa waya, ta kan zo ta tafi ba sallama. Ƙauyen da ba a ja wa ba kuwa, ba a ma zancenta. Amma fa kayan da ke cin wuta kullum sai ƙaruwa su ke yi. Manomi yanzu yana da salula, yana da fitila mai caji, wani ma ya ajiye famfon feshi na hannu ya sayi mai batir. Ɗan kasuwa yana da 'yar na'urarsa ta karɓar kuɗi da kati, malamin ofis yana da kwamfuta. Duk waɗannan in ba caji, nauyi kawai su ke ƙara wa mai su.

To, ga shi kuwa ko wace mota tana yawo da ɗan gidan wutarta a cikin bonet. Akori-kurar da ke ɗaukar buhuna daga Gwiwa zuwa Kazaure, da wadda ke kai riɗi kasuwar Dawanau, da motar hayar da ke bin hanyar Babura, muddin injinsu na juyawa suna haifar da wuta, har ta fi wadda su ke bukata. Shi ya sa masu motoci da yawa suka yi tunani, suka ce me zai hana a ɗora wani batir a baya, ya sha caji a hanya, da dare a more shi? Tunanin daidai ne. Wajen haɗawa ne a ke yin kuskure, kuma kuskuren ya kan ci batir biyu a tare, wani lokaci ma ya ci motar.

Batirin mota iri ne, ba abinci ba

Batirin dalma da ruwan asid tsohon abu ne. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙago shi a 1859, har yau kuwa shi ne a cikin kusan ko wace mota. Amma ba duka ne iri ɗaya ba. Na tada mota an yi shi da faranti sirara masu yawa, domin ya ba da wuta mai ƙarfi ƙwarai na ɗan lokaci kaɗan, inji ya tashi, sa'an nan altaneta ta mayar masa da abin da ya kashe. Ba a yi shi don a tatse shi ba. In aka riƙa zuƙe shi har ƙasa ko wane dare, ba zai ga damina biyu ba. Wanda aka yi don fitila da fanka shi ne mai faranti masu kauri, irin wanda a ke sa wa inbata ko sola. Shi ba shi da zafin nama, amma yana da jimiri.

Manomi ya san bambancin hatsin ci da na iri. Ko yunwa ta matsa, mai hankali ba ya taɓa damin da ya ware don shuka. Haka batirin tada mota ya ke. Duk dabarar da za a yi, sai ta zama wadda ba za ta bari fitilar dare ta taɓa shi ba.

Hanyar da aka fi bi, domin ita ce mafi araha, ita ce a jawo waya biyu daga kan batirin mota a ɗaura a kan na baya, shi ke nan. Mota na tafiya, duka biyu suna shan caji, mai mota yana murna. Amma da an kashe inji, batiran nan biyu sun zama ɗaya, kamar randa biyu da aka haɗa gindinsu da tiyo: ko daga wacce aka ɗebi ruwa, duka biyu ne ke raguwa. A ce direba ya kwana a wani ƙauye yana jiran lodin wake. An kunna ƙwai, an sa salular mutanen gari a caji, an ji rediyo har tsakar dare. Da asuba ya murɗa makulli, sai ya ji ƙyas-ƙyas. In tsohuwar mota ce mai giyar hannu kuma ba kaya, samari sa tura ta. In kuwa mai dizal ce, ga buhu talatin a baya, ga rairayi, ko kuma mai canja giya da kanta ce, to, ranar kasuwa ta wuce shi.

Akwai kuma wata ɓarnar da ba a gani. Sa'ad da a ke tada inji, kik ya kan ja amfiya ɗari biyu ko fiye. In batirin gaba ya yi sanyi, sai ya nemi cikon daga na baya, ta cikin 'yar siririyar wayar nan. Wayar ta yi zafi, robarta ta narke.

Awo uku

Kafin a shiga zancen caja, sai an san awo uku, ba su da wuya. Masu noman rani a bakin madatsar ruwa ta Kazaure sun riga sun san su, suna ne kawai ya bambanta. Bolt shi ne ƙarfin turi, kamar tsawon wurin da aka ɗora tanki. Amfiya ita ce yawan abin da ke gudu cikin tiyo. Amfiya-awa kuwa ita ce girman tankin. Ita ce lambar da a ke rubutawa a jikin batir, a ga 75 ko 100 ko 200, da haruffa Ah a gabanta.

Batirin da a ke kira mai bolt 12 yana da ɗaki shida, ko wane ɗaki bolt 2 da ɗan ɗoriya. In ya cika ya huta, ma'auni zai nuna 12.6 ko 12.7. In ya nuna 12.2, saura kamar rabi. In ya sauko 12.0 ko ƙasa da haka, ya jigata. Ruwa ba ya hawa tudu da kansa, haka ma wuta: don a cika batirin nan sai an tura masa abin da ya kai bolt 14 zuwa 14.4. Wannan tazarar 'yar kaɗan ce, bolt biyu ba su cika ba, amma a kanta dukan maganar ta ke. Ma'aunin wuta na hannu, wanda ko wane mai gyaran wutar mota ke da shi, ba shi da tsada, ya kamata duk mai batir biyu ya mallaki nasa.

Hanyoyin raba su

Ta farko ita ce makunni babba na hannu a tsakanin batiran. In an tada mota a haɗa, in za a kashe a raba. Yana aiki sarai, sai dai ya dogara ga tunanin ɗan Adam. Ranar da gajiya ta sa aka manta, an koma gidan jiya.

Ta biyu ita ce rile, watau makunni mai aiki da kansa. Mai kyaunsa shi ne wanda ke sauraron bolt. In ya ji batirin gaba ya haura kamar 13.3, ya san inji ya tashi, sai ya haɗa. In ya ji ya sauko kamar 12.8, ya san an kashe, sai ya raba. Ba shi da wani kaya a ciki da zai yi saurin lalacewa, kuɗinsa kuma da sauƙi. Ga mai tsohuwar Hilux ko Peugeot 504 ko Golf, wanda batirinsa na biyu shi ma na dalma ne mai ruwa, rile ya isa. Amma a sani shi ba caja ba ne, mai gadin ƙofa ne. Abin da altaneta ta bayar shi zai wuce da shi, ba ya ƙarawa ba ya ragewa.

Ta uku ita ce cajar gaske, wadda a ke rubuta wa DC-DC a jikin kwalinta. Ita akwati ce ƙarama mai haƙarƙarin ƙarfe. Tana karɓar wutar mota, ko ta zo da ƙarfi ko ta zo a raunane, ta gyara ta, ta ba batirin baya daidai abin da ya ke so. Da fari ta tura masa da ƙarfi, in ya kusa cika ta sassauta, in ya cika ta riƙe shi a hankali. Kamar mai ban ruwa ne wanda ya san lokacin da zai toshe kwami. Tana kuma da iyaka: in an rubuta amfiya 20, ba za ta wuce 20 ba ko batir ya bushe ƙaƙas. Mutanen Ostireliya, masu doguwar tafiya cikin daji, da masu jiragen ruwa na Turai, su suka fi amfani da ita, shi ya sa sunayen da aka fi ji su ne irin su Redarc na Ostireliya da Victron na Holan. Na ƙasar Sin ma suna nan da yawa, masu kyau da marasa kyau. Kuɗinta ya ninka na rile sau da dama, sabo da haka kada a saya sai da dalili. Dalilan kuwa biyu ne manya.

Na ɗaya, motar. Altanetar da aka saba da ita, wadda ta fara maye gurbin dainamo tun wajen 1960, ita ba ruwanta: inji na juyawa tana ba da bolt 14 da 'yan kai har a kashe. Amma da Turawa suka tsananta dokar hayaƙin mota, musamman daga 2009 da kuma 2014, sai kamfanoni suka sa kwamfutar mota ta riƙa juya altaneta don a rage shan mai. In batirin gaba ya ƙoshi, sai ta sauke wuta zuwa bolt 12 da rabi ko kusa da haka. In direba ya ɗaga ƙafa daga totur, sai ta cilla ta har wajen 15. Irin waɗannan motoci suna ta shigowa cikin na hannu da a ke kawowa ta Ikko da Kwatano. A jikinsu rile ruɗewa ya ke yi, ya haɗa ya raba, ya haɗa ya raba, batirin baya kuwa ba zai taɓa cika ba. Gane su ba wuya. A sa ma'auni a kan batirin gaba, a yi tafiyar minti ashirin, wani na duba lamba. In ta tsaya tsakanin 13.8 da 14.4, tsohon yayi ce. In tana hawa da sauka, sabon yayi ce. Sau da yawa kuma za a ga wata 'yar na'ura maƙale a kan batir, wajen alamar ragewa. Mota mai wannan, ba a ɗaura baƙar wayar caja a kan batir kai tsaye, sai a jikin ƙarfen mota, don kwamfutar ta san abin da ke fita.

Na biyu, batirin. Yanzu batirin litiyom ya shigo kasuwa tare da kayan sola, irin wanda a ke rubuta wa LiFePO4. Asalinsa daga binciken John Goodenough ne da abokan aikinsa a Jami'ar Texas ta Amurka, wajen 1996. Ba shi da nauyi, bai kai rabin na dalma ba, yana daɗewa, ana kuma iya cin kashi 80 cikin 100 na abin da ke cikinsa ba tare da an cuce shi ba, alhali na dalma rabi kawai ya kamata a ci. Aibinsa ɗaya a mota: haɗama. In ya ji yunwa aka haɗa shi da altaneta ta rile, zai zuƙi duk abin da ta iya bayarwa, ba ya cewa ya isa. Altaneta kuwa da iskar fankarta ta ke shan sanyi. In mota tana sulo, fanka ba ta gudu, ga kaya ya yi mata yawa, sai ta gasu. Mai batirin litiyom ba shi da zaɓi, sai caja mai iyaka, wadda kuma aka saita ta a kan litiyom. Haka nan batirin da a ke cewa jel, wanda ba a zuba masa ruwa, ba ya son bolt ya yi yawa, shi ma caja ta fi masa.

Wani zai ce, ai ga ramin kunna taba a gaban mota, me zai hana a soka a nan? Ramin nan fis ɗinsa amfiya 10 ne ko 15. Ya isa salula da fitila, bai isa babban batir ba. Wani kuma ya kan sa inbata a mota, ya mai da wutar ta zama irin ta gida, sa'an nan ya soka cajar gida. Yana yi, amma an yi zagaye, a ko wace kwana kuwa wuta na zubewa ta zama zafi.

Wace girma za a saya?

Babba ba ita ce mai kyau ba. Abu biyu za a duba. Batirin dalma ba ya son a ɗura masa fiye da kashi ɗaya cikin biyar na girmansa a awa guda. Watau mai amfiya-awa 100, cajar amfiya 10 zuwa 20 ta ishe shi. Na litiyom mai wannan girma ya kan karɓi 30 ko 40, amma a duba takardarsa. Sa'an nan a duba altaneta, akwai lamba a jikinta. Ta ƙaramar mota ta kan kama daga amfiya 70 zuwa 90, kuma wannan lambar ta lokacin gudu ce, a sulo da ƙyar ta ba da rabi. Motar kanta tana da nata ci: fitilun gaba, fankar lagireto, famfon mai, balle in akwai na'urar sanyi. Caja kuma abin da ta ke ja ya fi abin da ta ke bayarwa. Mai ba da 30 ta kan ja 35 ko fiye. Sabo da haka abin da ya fi kwanciyar rai shi ne kada cajar ta wuce sulusin ƙarfin altaneta. Ga yawancin motocin da ke bin hanyar Gwiwa da Roni, amfiya 20 ita ce daidai wa daida.

Waya da fis

Nan ne gizo ke saƙa. Mutum ya kan kashe kuɗi ya sayi batir mai kyau da caja mai kyau, sa'an nan ya ce wa yaron shago ya yanko masa wayar da ta fi araha. Wayar wutar gida ba ta yi a nan. A gida bolt 230 ne, in biyu suka ɓata a hanya ba wanda zai sani. A mota kuwa an riga an ga dukan cinikin bai kai bolt biyu ba.

Ga lissafi. Daga bonet zuwa bayan akori-kura, in aka bi lungu-lungu, waya ta kan kai mita 6. Zuwa da dawowa 12 ke nan. In aka sa wayar jan ƙarfe mai kauri lamba 4, watau milimita murabba'i 4, aka ce amfiya 30 su bi ta, bolt ɗaya da rabi da ɗoriya za su narke a hanya su zama zafi. An taso da 14.2, an iso da 12.6. Wannan ba caji ba ne, gaisuwa ce. In aka sa mai lamba 16, abin da zai ɓata bai kai rabin bolt ba. Masu rile su wannan ya fi shafa, don ba su da abin da zai ɗaga musu wutar. Caja ta kan rufe asiri, ta ɗaga abin da ya faɗi, amma ita ma in wayar ta cika siranta sai ta ƙara ja, wayar ta ƙara zafi. Ga amfiya 20 a wannan nisa, kada a yi ƙasa da lamba 10. A ajiye cajar kusa da batirin baya, ba kusa da na gaba ba.

A kuma lura da jabu. Akwai wayar da cikinta alminiyom ne aka shafa mata jan ƙarfe a sama. A ido ba ta da laifi, amma ba ta ɗaukar wuta kamar ta gaske, tana kuma karyewa da jijjigar hanya. A kankare silin da wuƙa: in fari ya bayyana, a bar musu abinsu. A hannu ma ta fi ta gaske rashin nauyi. Wata kuma roba ce ta yi kauri, silin ciki ɗan kaɗan. Mai saye a Kofar Ruwa ko Sabon Gari a Kano, ko a shagunan Kazaure, ya ce a yanka masa bakin ya gani. Araha ba ta ado.

Fis kuwa biyu a ke sawa, ba ɗaya ba. Dalili shi ne jar wayar nan tana da batir a ko wane kai. In ta goge a jikin ƙarfe a tsakiyar mota, wuta za ta taso mata daga gaba, ta taso daga baya. Fis ɗaya gefe ɗaya kawai zai yanke. A sa ko wanne kusa da kan batirinsa, kada ya wuce taƙi guda. Girmansa ya ɗan fi abin da caja ke ja, amma kada ya fi ƙarfin wayar: ga cajar amfiya 20, fis mai 30 ya yi. Al'adar nan ta ɗaure fis da silin waya ko takardar sigari in ya ƙone, ita ce ke ƙona motoci. Fis ba ya ƙonewa banza, sai a nemi dalili. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata roba, a ɗaure ta kada ta yi lilo, a nisanta ta da salansa. Bakin waya a matse shi da kan ƙarfe a ɗaure da noti, ba a murɗa shi da hannu a naɗe da leda ba. Mai ɗaukar buhunan gyaɗa ko harawa ko jarkar fetur a bayan mota, shi ya fi kowa bukatar jin wannan.

Aikin na rewaya ne, ba na kowa ba. Amma mai mota ya tsaya a kansa, ya ga fis biyun da idonsa. In an gama, a yi gwaji a gabansa: a tada inji, a ga lambar batirin baya tana hawa; a kashe, a kunna kaya a baya, a ga lambar na gaba ba ta motsa ba.

Manyan motoci da ƙanana

Manyan motocin kaya, irin su DAF da tirela, galibi bolt 24 gare su, watau batir biyu aka jera. Yaran mota su kan saci bolt 12 daga guda ɗaya. Wannan ya kan sa ɗayan ya rame, ɗayan ya ƙoshi har ya tafasa, ƙarshe a sayi biyu. Akwai caja mai karɓar 24 ta ba da 12, ita ce maganin. Tarakta tana da kyau ƙwarai wajen caji, don ta kan yini tana aiki, sai dai altanetarta ƙarama ce, ga ƙura ga jijjiga. Cajar amfiya 10 ta ishe ta. Babur da A-daidaita-sahu kuwa a bar su da salula. Wutarsu ba ta kai ta ciyar da babban batir ba.

Zafi da ƙura

Daga Maris zuwa Mayu zafin wannan yanki ya kan wuce digiri 40 a inuwa, cikin bonet kuwa sai abin da ya ƙaru. Masana batir sun auna cewa duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana rage rabin kwanan batirin dalma. Caja ma in ta ji zafi da kanta ta ke rage aiki don kada ta ƙone. Sabo da haka a nema musu inuwa da iska: bayan kujera, ko cikin akwatin katako mai huji a bayan mota. Kada a tula musu buhu. Da hunturu a riƙa share ƙura daga haƙarƙarin caja. A ɗaure batir tamau, don ramukan hanya su kan zubar da abin da ke jikin farantinsa.

Batir mai ruwa yana fitar da iska sa'ad da ya ke shan caji, iskar kuwa tana kamawa da ɗan tartsatsi. Ba a duba ruwansa da ashana, ba a shan taba a kansa, ba a kuma rufe shi cikin mota inda mutane ke zama. In ruwan ya ja baya, a ƙara masa ruwan batir tatacce, ba na rijiya ko na burtsatse ba, ba kuma asid ba.

Zancen gaskiya game da riba

Sauran tambaya ɗaya, ita ce ta fi duka: motar tana tafiya isasshiya? A ɗauki gidan da ke kunna ƙwai huɗu masu wat 5 na awa biyar, ana cajin salula goma, da batirin famfon feshi biyu. Wannan ya tasam ma amfiya-awa 35 zuwa 40 a kwana guda. Batirin dalma mai 100 zai ɗauka, tun da bai wuce rabi ba. Cajar amfiya 20 za ta mayar da yawancinsa cikin awa biyu, amma cikon ƙarshe a hankali ya ke shiga, sai an ƙara awa ɗaya ko biyu. Direban da ke zuwa Kano ya dawo kullum, ya samu. Wanda motarsa ba ta fita sai ranar kasuwa, daga Gwiwa zuwa Kazaure ta dawo ta kwanta, bai samu ba. Batirinsa zai yi ta zama a rabi, batirin dalma kuwa in ya daɗe bai cika ba farantinsa ya kan yi wani farin gishiri wanda ba ya fita. Shi ne a ji mutum yana cewa an sayar masa da jabu, alhali yunwa ce ta kashe batirin.

Kada kuma a ce wutar mota kyauta ce. Altaneta in ta ɗauki kaya nauyi ta ke yi wa inji, inji kuwa mai ya ke sha. In dai dama tafiyar za a yi, ƙarin kaɗan ne, ba a jinsa. Amma a tada mota a tsaye don a cika batir, wannan asara ce, tun ba ma daga Mayun 2023 ba, da aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da N200 har ta haura N1,000 a ƙarshen 2024. Mai motar da ba ta yawan fita, farantin sola ya fi masa. Rana dai ba ta yi wa ƙasar Kazaure rowa ba. Akwai ma cajar da ke da baki biyu, ɗaya na mota ɗaya na sola: a hanya ta sha daga altaneta, a tsaye ta sha daga farantin da aka ɗora a rufin mota. Ga ɗan kasuwa mai yini a rumfa motarsa na ajiye a rana, wannan ita ce ta fi dacewa.

Game da famfon feshi, batirinsa ƙarami ne, galibi bolt 12 da amfiya-awa 8. Kada a ɗaura shi kai tsaye a kan batirin mota ko a bakin babbar caja, zai kumbura. Amfiya ɗaya zuwa biyu ya ke so. A yi amfani da cajarsa ta asali ta hanyar ƙaramar inbata, ko a nemi 'yar caja ta bolt 12 mai wannan awo. A cika shi tun daren jiya, domin wake in ya fara fure tsutsa ba ta jiran kowa, feshin safe kuma shi ne feshi. In kaka ta yi aka ajiye famfo, a cika batirin kafin a ajiye, a kuma riƙa waiwayarsa da caji ko wane wata biyu har damina ta kewayo.

Batirin da ya mutu kuwa, babba ko ƙarami, kada a fasa shi a gida, kada a zubar da ruwansa a tsakar gida ko kusa da rijiya, kada a bar wa yara su yi wasa da farantinsa. Dalma guba ce, ta fi kuma cutar ƙananan yara. Ita ce ta kashe yara wajen 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara a 2010. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma ita ce dai wannan da ke cikin batir. A kai shi dungum wurin masu sayar da batir, su kan karɓi tsoho su rage wa mutum kuɗin sabo.